Idan Ƙasa Tana Tafiya, Yaushe Za Mu Isa Makka?

Tambayar ta zo mini ne daga wani matashin malami da yake koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta ƙauye a yankin Kiyawa, jihar Jigawa. Ya ce tun ranar da ya gaya wa ɗalibansa cewa ƙasar da muke takawa tana motsi, kuma a da can Afirka da Kudancin Amurka a haɗe suke, maganar ta fita daga aji ta shiga gari, har ta zama abin raha a majalisa. Wani dattijo ya ce shi ya fasa tara kuɗin kujera, zai zauna a ƙofar gidansa har ƙasar ta kai shi Makka. Wani manomi da ake zargi da cin iyaka ya ce ba shi ya matsar da gamba ba, ƙasar Malam ce ta tafi da ita. Wani ɗalibi ya makara ya ce makarantar ce ta ƙara gaba cikin dare, samari kuma suna cewa a ba su takardar zama 'yan Birazil tunda ashe unguwarmu ɗaya. Malamin yana so ya sani ko ya hana wannan barkwanci ko ya ƙyale shi, kuma wace amsa zai bayar.

Malam, shawarata ita ce kada ka hana. Na shafe shekaru ina binciken ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyukan Kano da Jigawa, kuma abin da na lura da shi shi ne mutanenmu ba sa ɓata barkwancinsu a kan maganar da ba ta shiga kunnensu ba. Duk wanda ya ƙirƙiro ɗaya daga cikin waɗannan zantuka ya ji darasinka, ya auna shi da hankalinsa, ya fitar da hukuncin da ya dace da abin da aka ba shi. Abu biyu ne kawai ba su iso majalisa ba: yawan tafiyar da ƙasar take yi a shekara, da kuma sanin mene ne yake tafiya tare da me. Idan ka cike waɗannan gurabe biyu, zolayar da kanta za ta koma misalan da za ka riƙa koyarwa da su.

Ka fara da ƙwarya. Ka kife ta, ka tsattsaga ta ba tare da ka raba guntayen ba, sai ka ce musu haka ɓawon duniya yake. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai kimanin kilomita 6,371, amma ɓawon mai tauri da yake a waje kaurinsa wajen kilomita 100 ne, ya fi haka a ƙarƙashin tsofaffin nahiyoyi. Ɓawon nan ba guda ɗaya ba ne, manyan guntaye 7 ne da wasu ƙanana masu yawa. A littattafai ana kiran su faranti, ni kuwa na fi son in ce sakaina, domin sakaina tana da lanƙwasa irin ta duniya, kuma kowa ya san daga ƙwarya ɗaya ta fito. Sakainar Afirka ba ta tsaya a bakin tekun Legas ba, ta haɗa da ƙasan Tekun Atlantika har zuwa wani dogon tsauni da yake kwance a tsakiyar tekun. Abin da yake ƙarƙashin sakainun ba ruwa ba ne, ba kuma narkakken dutse ba ne kamar yadda yara suke zato. Dutse ne mai tsananin zafi wanda halinsa ya yi kama da na kwalta: idan ka buga ta da guduma ta fashe, idan ka bar ta a rana ta riƙa malala a hankali.

Abin da yake jan sakainun kuwa, duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san shi. Idan guga mai nauyi ya zurma, shi yake jan igiyar da take kwance a bakin rijiya. A wasu gaɓoɓin tekuna tsohon ƙasan teku ya yi sanyi ya yi nauyi, yana nutsewa cikin duniya, yana janye sauran sakainar a bayansa, yayin da a tsakiyar teku sabon dutse yake fitowa ya cike wurin da aka bari. Sakainar Tekun Fasifik tana da irin wannan guga a gefenta, shi ya sa take yin santimita 7 zuwa 10 a shekara. Tamu ba ta da shi sosai, don haka tana cikin masu tafiya a hankali.

Yanzu sai mu zo ga Baba mai jiran Makka, wanda maganarsa ta fi burge ni, domin ya dace da wani abu da bai sani ba. Na'urorin GPS da aka kafa a kan dutse a Najeriya, waɗanda suke auna matsayinsu da taurarin ɗan'adam shekara da shekaru, sun nuna muna tafiya santimita 2 zuwa 3 a shekara, kuma arewa maso gabas muka nufa, wato ba nesa da fuskar alƙibla ba. Ashe ke nan Baba bai ɓata hanya ba. Matsalar tana ga tsawon tafiyar. Daga Kano zuwa Makka kusan kilomita 3,500 ne, kuma idan ka raba wannan da santimita biyu da rabi, za ka samu shekara miliyan 140. Mutumin da ya yi shekara 70 a duniya, ƙasa ta tafi da shi kimanin tsawon jikinsa ne kawai. Daga jihadin Shehu Usmanu a 1804 zuwa yau, Ƙasar Hausa dukanta ba ta matsa fiye da mita 5 zuwa 6 ba, wato faɗin ɗan madaidaicin tsakar gida.

Na san wani a majalisar zai ce ai sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To a nan ne karin maganar ba ta yi aiki ba, domin Makka ba a kan sakainarmu take ba. Tana kan sakainar Larabawa, wadda ta fara ɓallewa daga jikin Afirka wajen shekara miliyan 30 da suka wuce, kuma tsagar da ta raba su ita ce Bahar Maliya. Ita ma arewa maso gabas take tafiya, kuma ta fi mu sauri, don haka Bahar Maliya tana ƙara faɗi da kimanin santimita 1 kowace shekara. Duk shekarar da Baba ya ƙara yana jira, Makka ƙara nisa take yi masa da faɗin farce. Alhazan garinku ma shaidu ne a kan wannan ba tare da sun sani ba. Baƙaƙen duwatsun nan masu kaushi da suke gani shimfiɗe a hanyar Makka zuwa Madina sandararren aman wuta ne, kuma masana suna danganta su da wannan tsagewa. Malaman tarihin Musulunci sun rubuta labarin wutar da ta fito daga ƙasa kusa da Madina a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, kuma dutsen da ta bari yana nan har yau. Ka tambayi wani Alhaji a gaban jama'a ko ya ga waɗannan duwatsu, ka bar shi ya bayar da labarin da bakinsa.

Maganar mai gona ta fi sauƙin warwarewa, amma ita ce take ɗauke da darasin da ɗalibai suka fi kuskurewa. Idan aka loda buhunan gero a babbar mota daga Gujungu zuwa Dawanau, kowane buhu ya yi tafiya mai nisa, amma buhun da yake kusa da ƙofa yana nan kusa da ƙofa. Gonarsa da ta maƙwabcinsa da gambar da take tsakaninsu da gidan dagacin da zai yi musu sulhu, duk a mota ɗaya suke. Sakaina tana tafiya ne gaba ɗayanta, kuma wurin da ake ganin ɓaraka shi ne bakinta, inda take gogayya da wata. Mu kuwa muna can tsakiya, dubban kilomitoci daga kowane baki. Gaskiya ne idan aka auna kusurwar gona da na'ura mai tsananin daidaito, aka dawo bayan shekara 40, lambobin za su nuna ta matsa da kusan mita 1, amma da wannan mitar ce gonar maƙwabcin ma ta matsa. Idan gamba ta shiga gonar wani, hannu ne ya dasa ta a can. Wannan amsar ita ce ta ɗalibin da ya makara, sai dai shi ka ba shi alli ya raba santimita biyu da rabi gida 365. Zai samu abin da bai wuce kaurin silin gashi ɗaya ba a kwana guda, kuma gidansu ma ya bi makarantar da daidai wannan silin.

Samari masu neman zama 'yan Birazil suna da hujjar da ta fi ta kowa ƙarfi, domin a dutse take. Ka yanko taswirar nahiyoyin biyu da almakashi, za ka ga ƙusumbin gabashin Birazil ya shige lungun da gaɓar Najeriya da Kamaru take kamar an auna. Tsofaffin duwatsun da suke ƙarƙashin Kano da kudancin Jigawa sun samu siffarsu ne wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wasu nahiyoyi suka yi karo suka tayar da manyan tsaunuka waɗanda ruwa da iska suka cinye tun tuni, kuma irinsu masu shekaru ɗaya da su suna arewa maso gabashin Birazil. Rabuwar ta auku fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da babu ɗan'adam ko ɗaya a doron ƙasa, don haka zumuncin na duwatsu ne. Zumuncin jini da yake tsakaninmu da Birazil ta wata hanya mai ɗaci ya zo, wato cinikin bayi, kuma akwai Hausawa cikin Musulmin da suka yi tawaye a jihar Bahiya a 1835. Ya kamata samarin su san wannan ma.

Abin da ya fi daɗi a wannan babi shi ne tabon rabuwar yana cikin ƙasarmu. Lokacin da Atlantika take buɗewa, tsagar ta yi reshe ta shigo cikin Najeriya, ta fara raba ta biyu, sannan ta tsaya. Wannan reshen shi ne kwarin Binuwai, wanda ya miƙe daga kudu har yankin Gombe. Ruwan teku ya shigo ta cikinsa ya kwanta shekaru miliyoyi, ya bar dutsen farar ƙasa cike da ɓawon halittun ruwa, wasu a naɗe kamar ƙahon rago. Irin wannan dutse ake haƙa a Ashaka a yi siminti. A ɓangaren Sakkwato ma teku ya taɓa shigowa, shi ya bar dutsen Kalambaina, har akwai wata babbar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a can aka sa mata suna daga sunan Goronyo. Duk wanda ya shafe ɗakinsa da simintin waɗannan wurare, da ragowar ƙasan teku ya shafe shi.

Ba sai ka je Gombe ba ma. Duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa saiwar tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, waɗanda samansu ya zaizaye ya bar abin da ya sandare a ƙarƙashi. An auna shekarunsu an samu kimanin miliyan 213. Danginsu sun jeru daga Azbin da Damagaram a Nijar, suka biyo ta Dutse da Riruwai inda ake haƙar kuza, suka ratsa Jos har zuwa Afu a jihar Nasarawa, kuma abin mamakin shi ne duk yadda ka yi kudu sai ka tarar sun fi ƙuruciya, har na Afu suka tsaya a wajen miliyan 141. Wasu masana sun ce sakainar ce ta riƙa wucewa a kan wani wuri mai zafi kamar yadda ake jan fata a kan garwashi, wasu kuma sun ce tsofaffin tsagogi ne suka riƙa buɗewa bi da bi. Kowanne aka ɗauka, dutsen da yaranku suke hawa suna kiwo yana cikin labarin.

Idan dariyar ta fara yi maka nauyi, ka tuna da Alfred Wegener, Bajamushen da ya fito da wannan magana a 1912 ya kuma buga littafi a kanta a 1915. Ya nuna dacewar gaɓoɓin teku da ta duwatsu, ya nuna ƙasusuwan wata ƙaramar dabba mai kama da guza da ake samu a kudancin Afirka da Kudancin Amurka kaɗai, wadda ba za ta iya ƙetare teku ba. Manyan masana na zamaninsa sun yi masa ba'a, ya rasu a ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a karɓi maganarsa ba. Amma adalci shi ne a faɗi cewa masu dariyar suna da tasu hujjar, domin ya ce nahiyoyi suna keta ƙasan teku kamar garma, kuma ya kasa nuna ƙarfin da zai iya yin haka. Sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙasan teku, aka ga cewa dutsen da yake tsakiyar tsaunin Atlantika sabo ne, kuma yana ƙara tsufa daidai wa daida ta hagu da ta dama, sannan aka gane ƙasan tekun ma tafiya yake yi. Idan masu digiri sun buƙaci shekara 50 da hujjar da za su taɓa da hannu, bai kamata a ga laifin dattijon da ya ji maganar makon jiya daga bakin jikansa ba. Ka kuma lura cewa a al'adarmu wasa alama ce ta kusanci. Bakano ba ya tsokanar Bazazzagi don ƙiyayya, taubasai ma haka. Majalisar da take zolayarka ta karɓe ka ne.

Sai dai akwai irin barkwancin da nake so ka tsaya a kansa da gaske, domin yana da illa. Na taɓa zuwa wani ƙauye a kudancin Kano inda kwazazzabo ya ci gefen maƙabarta ya doshi gidaje, kuma da na tambaya sai wani ya ce cikin raha ai Afirka ce take rabewa, an gani a WhatsApp. Hoton da yake nufi na wata tsaga ce da ta yanke hanya a Kenya a 2018 bayan ruwan sama mai yawa, kuma masana da dama sun bayyana cewa ruwa ne ya kwashe ƙasa mai taushi daga ƙarƙashi. Gabashin Afirka yana rabewa da gaske, amma da 'yan milimitoci a shekara, kuma ko babbar tsagar da ta buɗe a yankin Afar na Habasha a 2005, mai tsawon kusan kilomita 60, a bakin sakaina ta faru, inda ake sa ran irinta. Kwazazzabon ƙauyen nan kuwa dalilansa suna tsaye a gabanmu: an sare itatuwan bakin rafi, ana ɗibar yashi da tifa daga gindin gaɓa, kuma ruwan wata kwalbati yana zuba a wuri ɗaya ba tare da an yi masa shimfiɗar dutse ba. Abin da ya dame ni shi ne wasan ya zama wurin fakewa. Da zarar an ce ƙasa ce take tafiya, babu wanda zai dasa gamba ko ya hana ɗibar yashi, domin wa zai tare nahiya? Haka ma bangon da yake tsagewa a gidajen bakin fadama: laka ce take kumbura da damina ta motse da rani, kuma maganinta yana wurin magini da zurfin harsashi.

Rijiyoyi ma suna shan irin wannan fassara. A yankinku za a haƙa burtsatse biyu da tazarar da ba ta fi taku 200 ba, ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta bushe, sai a ce ruwan ya yi ƙaura. A ƙasa mai tsohon dutse ruwa yana zama ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, don haka wanda ya dace da tsaga ya samu, wanda ya kauce mata ya yi asara. Da ka nufi Haɗeja da Malam Madori sai labarin ya sauya, domin can dutsen ya nutse ƙarƙashin yashi da laka na kwarin Chadi, ruwa yana shimfiɗe cikin yashin. Waɗancan tsagogi tabon tsohuwar gogayyar sakainu ne, kuma neman su shi ne aikin da ake biyan irinmu mu yi kafin a kawo injin haƙa.

Abu na biyu da ba na so ya zama wasa shi ne girgizar ƙasa. Zamanmu a tsakiyar sakaina ni'ima ce babba, amma ba ya nufin ƙasarmu ba ta motsawa sam. An ji girgiza a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumbar 2016, an kuma ji a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018, kuma akwai cibiya a Toro ta jihar Bauci da take sa ido a kan irin wannan motsi. Waɗannan ƙanana ne. A bakin sakaina kuwa, santimitocin nan da muke raha da su taruwa suke yi shekaru ɗaruruwa a dutsen da ya cije, sannan su kuɓuce cikin daƙiƙoƙi. Abin da ya faru ke nan a Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, inda mutum fiye da 50,000 suka rasu, sannan a Satumbar shekarar girgizar Maroko ta kashe kusan 3,000, yawancinsu a ƙauyuka masu ginin ƙasa irin namu. Idan ɗalibanka suka kawo wasa a kan wannan, ka dakatar da su a hankali, ka sa su yi wa mamatan addu'a, sannan ka nuna musu a taswira inda sakainun suka haɗu.

Game da Baba kuwa, kada ka mayar masa da amsa a gaban jama'a kamar mai neman kayar da shi. Ka same shi bayan la'asar ka gaishe shi, ka ce masa ka bincika ka tarar hanyar da ya faɗa daidai ce, sai dai Makka ta fi mu sauri, don haka gara ya ci gaba da tara kuɗin kujerar, Allah Ya nufe shi da zuwa. Ina da wani guntun dutse da na tsinto a yankin Gombe, mai ɓawon halittar teku a naɗe a jikinsa, wanda ya cika tafin hannu. Idan na zo gida da Babbar Salla zan biyo ta makarantarku in ba ka aronsa, ka fara kai masa ya juya shi a hannunsa kafin ka shiga da shi aji.